"In da rai da rabo", to wanda ran ne ya yi masa nauyi fa?

'Yar Zazzau: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar nan ta daɗe tana min yawo a rai. Shekara biyu da suka wuce bayan aurena ya mutu na kai inda nake jin gara a ce babu ni, ba barci ba cin abinci, duk wanda ya shigo ɗakin kuma sai ya ce ki yi haƙuri in da rai da rabo, ni kuwa a lokacin wallahi ran ne ya zame min kaya. Alhamdulillah na fito, amma ina tambaya, ta dace a faɗa wa mai irin wannan halin?

Bakano: Ta dace mana 'yar'uwa. Ai ma'anarta ƙofa ba ta rufu ba. Annabi Yaƙub ya ce wa 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah, Suratu Yusuf aya ta 87, alhali kuka har ya tafi da ganinsa.

Maman Sadiq: Bakano gaskiya ne, amma mu mun maida ta abin rufe baki. Mutum na son ya amayar da abin da ke cikinsa sai mu jefa masa karin magana mu tashi, wasu ma su ce raunin imani ne. Nana Maryam fa da naƙuda ta kama ta a gindin dabino cewa ta yi ina ma na mutu kafin wannan, aya ta 23 a surarta, kuma ba faɗa aka yi mata ba, an ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino, ki ci ki sha.

Ɗan Kware: Ni a wurina rabo nemansa ake yi. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, akwai likitocinsa a Barnawa Kaduna, Dawanau Kano, da nan Kware. Abin da ke sa mutane ɓoyewa har da doka, sashe na 231 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, har yau laifi ya ɗauki yunƙurin kashe kai, Ghana kuwa ta soke nata a 2023.

'Yar Zazzau: Maman Sadiq kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Yayata ba ta taɓa faɗa min karin maganar ba, tabarma ta shimfiɗa a ɗakina ta yi wata guda tana kwana, ta dama min kunu da asuba ta zauna har sai na shanye, ita ta riƙe hannuna muka je asibiti na fara shan magani. Yanzu ina koyar da yara a Islamiyyar unguwarmu, ranar da wata ƙaramar ɗalibata ta kai Sabbi na koma gida ina kuka, a hanya na ji bakina da kansa yana cewa ashe da rabon.

Bakano: Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa Yaya da alheri. Ki gaishe min ita.