Muhawara: Shin tangarɗar kuɗin filayen wasa ce ta riƙe ƙwallon ƙafar Nijeriya?

Mai gabatarwa, Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A zaman da muka yi bayan sallar la'asar ranar Lahadi, Malam na Samaru ya ce da gwamnatocinmu suna sakin kuɗin gina filayen wasa da na gyara su a kan lokaci, da ƙwallon ƙafar Nijeriya ta wuce inda take a yau, kuma ya nace cewa wannan tangarɗa ita ce tushen koma-bayan gaba ɗaya. Baba na Sabon Gari bai yarda ba, magariba kuma ta raba mu kafin a ƙarasa. Na ga ya dace kowa ya kawo hujjarsa a rubuce, cikin natsuwa da girmama juna. Malam, bismillah.

Malamin makaranta, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ina nan a kan maganata, kuma ga dalilina. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, wanda aka buɗe a 1972, a cikinsa aka yi wasannin Afirka na 1973, a cikinsa kuma Nijeriya ta ci Aljeriya 3-0 ta ɗauki kofin nahiyar Afirka karo na farko a 1980. A nan ne kuma aka buga wasan ƙarshe da Kamaru a 2000. Bayan 'yan shekaru kaɗan aka yi watsi da shi, har ya zama babu mai tunanin kai Super Eagles wurin. Aka koma Abuja, inda aka gina fili mai ɗaukar mutum kusan 60,000 domin wasannin Afirka na 2003, shi ma ciyawarsa ta mutu, sai da Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ta a zamanin minista Sunday Dare. A 'yan shekarun nan kusan duk wasan gida mai muhimmanci sai an kai shi Uyo, domin filin can da aka buɗe a 2014 shi ne ya fi samun amincewar hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta dogara da fili guda, kuma yaron da ke Zariya, in yana so ya ga 'yan wasan ƙasarsa da idonsa, sai ya yi tafiyar yini guda cur a mota ko fiye. Ban ga yadda za a ce wannan ba shi ne ciwon ba.

Tsohon ɗan wasa, Sabon Gari:
Malam, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma bai tabbatar da abin da kake son tabbatarwa ba. Ni na buga ƙwallo a ƙasa mai tsakuwa, da raga ta gora, kuma na san yadda 'yan wasa suke fitowa. Lokacin da yaranmu 'yan ƙasa da shekara 16 suka ɗauko kofin duniya a Sin a 1985, da lokacin da 'yan ƙasa da shekara 17 suka sake ɗaukowa a 1993, da zinaren Atlanta a 1996, ba filin Abuja ne ya rene su ba, domin ba a ma gina shi ba. Daniel Amokachi da Tijani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk 'yan Kaduna ne, nan kusa da mu, kuma abin da ya fito da su shi ne ƙungiyoyin unguwa da gasar makarantu da kulob irin su Ranchers Bees, waɗanda suke da masu ido da ke gane yaro tun yana ƙarami. Abin da ya mutu shi ne wannan tsani da yaro yake hawa mataki-mataki. Ko a gina fili goma irin na Uyo, muddin ba a biyan ɗan wasan lig albashinsa, ba a horar da masu horarwa, alƙalin wasa kuma yana tsoron dukan 'yan kallo, to ginin kawai za a samu.

Malamin makaranta, Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Waɗannan da ka ambata sun taso ne a lokacin da filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna yake cika kowane ƙarshen mako, suna kallon manya suna buri. Filin yana cikin tsanin da kake magana.

Ma'aikaciyar akanta, Kongo:
Ku yi mini izini in shigo, domin ina ganin kalmar kuɗin filaye ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai kuɗin gini, wanda yake shiga kasafin manyan ayyuka, akwai kuma kuɗin kula da abin da aka gina, wanda yake shiga kasafin yau da kullum. Na farkon ba shi ne yake yi mana wuya ba, domin duk lokacin da za a karɓi baƙuncin gasa kuɗi yana fitowa. An gyara filaye a Kaduna da Kano da Bauchi domin gasar matasa ta duniya a 1999, an sake gyara su domin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Abin tambaya shi ne me ya faru a tsakanin waɗannan shekaru goma har aka buƙaci sabon gyara, me kuma ya faru bayansu.

Ciyawar fili abu ce mai rai. Tana son ruwa kullum, musamman a nan Arewa da rani yake da tsawo, ga hunturu yana busar da komai, tana son taki da injin yanka da ma'aikatan da suka san aikin, rijiyar burtsatse tana son wutar lantarki ko man janareta, magudanar ruwan da ke ƙarƙashin filin kuma tana toshewa in ba a duba ta kafin damina. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne da ake buƙata kowane wata, kuma su ne ake fara yankewa idan kuɗin shiga ya ragu, saboda babu bikin yanke ƙyalle a cikinsu. Shi ya sa filin Abuja, bayan duk gyaran da Malam ya ambata, ya sake jawo ƙorafi a kan ciyawarsa lokacin da Gini Bisau ta ci mu 1-0 a can a watan Maris na 2023. Saboda haka na yarda da Malam cewa kuɗi ne matsalar, amma ban yarda cewa sakin kuɗin kwangila a kan lokaci zai warware ta ba. Za a gina, a buɗe, a bar shi ya lalace, a sake ba da kwangila.

Ɗalibi, Gyallesu:
Iyayena, ina neman afuwa in sa baki. Misalin Sanagal yana goyon bayan Baba. Sun ɗauki kofin nahiyar Afirka a Kamaru a farkon watan Fabrairu na 2022, alhali sabon filinsu na Abdoulaye Wade a Diamniadio sai a ƙarshen wannan watan aka buɗe shi, kafin nan kuwa a Thiès suke buga wasanninsu na gida. Sadio Mané daga makarantar ƙwallo ta Génération Foot ya fito, wadda take da alaƙa da kulob ɗin Metz na Faransa. Haka Maroko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2022, 'yan wasanta irin su Youssef En-Nesyri da Azzedine Ounahi da Nayef Aguerd sun bi ta makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida. A ganina makaranta ce ta riga babban fili amfani.

Malamin makaranta, Samaru:
Ƙanena, ka kawo misali mai kyau, amma ka duba ɗaya fuskar Maroko. Saboda tana da filayen da suka cika sharuɗɗa, ƙasashen Afirka da dama da CAF ta hana buga wasa a gida tun daga 2021 can suka riƙa kai wasanninsu, su biya kuɗin jirgi da masauki, su buga a gaban kujerun da babu kowa. Saboda filayen ne kuma za ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal. A ɗaya ɓangaren, an ƙwace wa Kenya baƙuncin kofin Afirka na 1996, aka sake ƙwace mata na 'yan wasan cikin gida na 2018, an kuma janye na 2019 daga Kamaru aka kai Masar, duk saboda ayyuka ba su kammala ba.

Mu dawo gida. Da yawa daga cikinmu mun je Kaduna a watan Maris na 2016 lokacin da aka buga da Masar. Jama'a sun ninka abin da filin zai iya ɗauka, matasa sun hau ƙarafan fitilu da allon nuna sakamako, Allah ne kaɗai ya tsare ba a yi asarar rayuka ba. Etebo ya ci mana, Salah ya farke wa Masar a ƙarshen wasa, aka tashi 1-1. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne Arewa tana da 'yan kallo da ƙishin ƙwallo, abin da ba ta da shi shi ne wurin da zai ɗauke su lafiya. Kuma ɗan kallo shi ne kuɗin kulob. Kulob ɗin da ba shi da fili mai kujeru da ƙofofin da za a ƙirga tikiti, da fitilun da za a buga wasan dare a nuna a talabijin, ba zai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, sai dai ya jira abin da gwamnatin jiha za ta yaga masa. Albashin da Baba yake kuka a kansa daga nan ya kamata ya fito. Kano Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma kowa ya san cikar filin Sani Abacha tana cikin ƙarfinta.

Tsohon ɗan wasa, Sabon Gari:
Wannan magana ta tikiti ta shige ni, Malam, ba zan musa ba. Sai dai ka tuna ranar 29 ga Maris 2022. An gyara filin Abuja, ya cika maƙil, muka tashi 1-1 da Gana muka rasa zuwa gasar cin kofin duniya a Ƙatar, 'yan kallo kuma suka faɗa cikin filin suka lalata abin da aka kashe kuɗi aka gyara. Fili bai buga mana ƙwallo ba a ranar. Ina nan a kan cewa ya zo a na biyu ko na uku, ba na ɗaya ba.

Mai horar da yara, Tudun Wada:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, domin duk filayen da ake ambata babu wanda yarana suka taɓa takawa. Ina da yara kusan 40, daga shekara 10 zuwa 16. Shekaru da dama a filin wata makaranta muke atisaye, sai aka wayi gari an yanki gefe guda an gina shaguna, daga baya aka ja katanga aka ce a daina shiga. Yanzu muna raba wani fegi da ƙungiyoyi uku, kowa da lokacinsa, da damina ruwa ya kwanta a tsakiya, da rani ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Bara wani yaro mai tsaron raga, wanda na fi sa wa rai a cikinsu, ya faɗi a kan dutse ya gurɗe gwiwa, mahaifinsa ya ce ya gama ƙwallo ke nan, kuma ban ga laifinsa ba.

Don haka idan an ce kuɗin fili, ni ina tare da Malam, amma filin da nake nufi ba mai kujera 60,000 ba ne. Yaron da ya koyi tare ƙwallo a ƙasa mai gargada yakan saba da ɗaga ta sama da buga ta da nisa, saboda ba ya amincewa za ta gangaro masa daidai, kuma wannan ɗabi'a tana binsa har ya girma. Mai tsaron raga ba ya koyon faɗuwa da kyau a inda faɗuwa take nufin asibiti. 'Yan mata kuwa, iyayensu ba za su bari su yi wasa a fegin da ba shi da katanga ko wurin canza kaya ba. Tsanin da Baba yake magana a kansa, matakinsa na farko ƙasa ce da aka baje aka killace, kuma ita ce ake sayarwa ana gina shaguna.

Ma'aikaciyar akanta, Kongo:
Koci, Allah ya ba yaron lafiya. Abin da ka faɗa ya fi sauƙin samu a kasafi fiye da duk abin da muka tattauna, domin baje fili da killace shi da haƙa rijiyar burtsatse aiki ne da ƙaramar hukuma za ta iya. Amma ko shi sai an rubuta wanda zai riƙa kula da shi da inda kuɗin zai fito, tun kafin a kawo tifa ta farko, in ba haka ba bayan damina biyu za ka koma inda kake.

Mai horar da yara, Tudun Wada:
Amin, Hajiya, na gode. Kula da shi ba zai gagare mu ba in an damƙa mana a rubuce. Ƙungiyoyin nan huɗu da muke raba fegi muna tara kuɗin ƙwallaye da na alƙalin wasa duk mako, za mu iya ƙara na mai gadi da na man famfo. Abin da ba mu da iko a kansa shi ne takardar da za ta hana a yanka filin a sayar. Idan mai gabatarwa ya amince, ina roƙon Hajiya ta taimaka mana da lissafin abin da kulawar za ta ci a shekara, Malam ya rubuta takardar koke, Baba kuma ya jagorance mu zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, tunda shi ne za a fi jin nauyinsa.

Tsohon ɗan wasa, Sabon Gari:
Zan je, in Allah ya yarda. Amma Malam, kada ka rubuta a takardar cewa fili ne tushen komai, domin ba zan sa hannu a kan wannan ba. Ka rubuta cewa yara suna jin rauni kuma ana cinye wuraren wasansu.

Malamin makaranta, Samaru:
Zan rubuta yadda ka ce, Baba, ko da yake ra'ayina bai canza ba. Koci, ka turo mini tsawo da faɗin fegin da adadin yaran kowace ƙungiya kafin ranar Juma'a.