Wace lamba ake sa wa matsalar magana bayan shanyewar ɓarin jiki?

Tambaya daga sashen rekod, Gombe:
Salamu alaikum 'yan uwa. Foldar wani dattijo ce a gabana. Bara jijiyar jini ta toshe masa a ƙwaƙwalwa, yanzu yana zuwa asibiti ganin likita, maganarsa ba ta fita. An sa masa lambar cuta I63.9, masu inshora sun dawo da takardar. Ina matsalar take?

Amsa daga Azare:
Wa alaikumus salam, Malam. I63 ta lokacin da abin ya faru ce, yana kwance ana yi masa magani. Wanda aka sallama ya dawo da abin da ciwon ya bar masa, gidansa I69. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, sai ka fara da lambar matsalar magana, R47.0 ko R47.1, ka biyo da I69.3 tunda toshewa ce. Da fashewar jijiya ce cikin ƙwaƙwalwa, I69.1. In ba a yi hoton ƙwaƙwalwa na CT ba, likita bai fayyace ba, I69.4.

Amsa daga wata mai gyaran magana, Bauchi:
Malam, "maganarsa ba ta fita" ba ta isa a zaɓi lamba ba, don Allah ka mayar wa likita foldar. In aka nuna wa Baba cokali ya gane shi amma sunan ya ɓace masa, ko ya ce "kofi", afeziya ce, R47.0. In kuwa ya san kalmar sarai, yana iya rubuta ta, harshe da leɓe ne suka yi nauyi, disatiriya ce, R47.1. Horon da ake ba kowannensu daban ne, shi ya sa abin ke damuna. Sannan a kula da rubutun likita: disfeziya ta magana ce, disfejiya ta haɗiya, R13. Mai shaƙewa da kunu bai kamata ya ɓace a takarda ba.

Ƙari daga Kaltungo:
Ku fara duba wane kundi manhajarku ke bi. In ICD-10-CM na Amurka ne, lamba ɗaya ta haɗa duka: I69.320 afeziya, I69.322 disatiriya, ba a ƙara R47 a kai. Kuma kada ka sa Z86.73, wannan ta wanda ya warke ba abin da ya rage ce.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Likita ya rubuta disatiriya, kundinmu na Hukumar Lafiya ne, na sa R47.1 da I69.3.