Neman shawara: yaya zan ɗauki babbar fistol a ƙarƙashin kaftani?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka, shekara bakwai ke nan. Aikin dare nake yi a shagon wani gidan mai, ni nake rufewa, ni nake ƙirga kuɗi. Bara aka shigo wa abokin aikina da makami, Allah ya tsare ransa, amma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na je na yi ajin koyo, na karɓi lasin ɗaukar bindiga na jiha, mai shagon ma ya amince. Na sayi fistol samfurin Glock 17 saboda tafin hannuna babba ne, ƙananan da na gwada a filin harbi ɗan yatsana na ƙarshe a iska yake tsayawa.

A wurin aiki babu matsala sosai, wandon jins ne da bel da riga mai ɗan faɗi. Matsalar tana ga kayanmu na gida. Ranar Juma'a, ko suna, ko ɗaurin aure, ba na iya fita sai da kaftani. Wandon kuwa na zariya ne. Da na maƙala kuben a ƙugu sai wandon ya rinjaya gefe ɗaya, ina tafiya ina janyo shi. Makon jiya a masallaci, na yi ruku'u, na ji rigar ta ɗame a bayan kwiɓina na dama. Bayan sallama wani yaro da ke sahun baya ya tsura wa wurin ido, sannan ya kalli babansa. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, don ban ɗauke ta domin in tsorata kowa ba.

To shawara nake nema: in sayar da ita in sayi ƙarama, ko akwai yadda ake yi da ɗinkin? Wanda ya taɓa shiga wannan hali don Allah ya taimaka.

Wani ɗan'uwa daga Dallas:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin sayarwa. Rigarka ba ta da laifi, wandon ne. Glock 17 in an cika ta da harsashi 17 ta haura giram 900. Ka ɗauki kusan kilo guda ka rataya a jikin zariya, dole ta saki. Kuma in ƙugun bai riƙe da ƙarfi ba, ƙotar bindigar sai ta kwanto waje ta tokare riga. Wannan ƙotar ita ce take tona asiri, ba bututun ba, shi yana can cikin wando ba mai ganinsa.

Ga yadda na yi. Duk lokacin da zan aika ɗinki gida, nakan ce wa tela ya yi min wandon da ƙugu irin na wandon Turawa: kunnuwan bel masu faɗi, zif da maɓalli, ya ƙara inci biyu a kan awona don kuben ya samu wurin zama. Daga waje ba wanda zai gane, tunda riga ta sauko ta rufe. Sai ka sayi bel ɗin da aka yi musamman don ɗaukar bindiga, mai tauri wanda ba ya naɗewa in ka matsa shi da yatsu biyu. Bel ɗin ado na fata mai laushi ba zai yi maka komai ba.

Sai yadi. Shadda mai nauyi da ta sha bugu tana tsayawa da kanta, ba ta bin jiki, ita ce ta fi rufewa. Yadi mai santsi ko farin boyel mai shara-shara kuwa, ko wayar da ke aljihunka ana ganin zanenta. Launi mai duhu da yadi mai zane sun fi fari fat. Kuma ka ce wa telan ya daina yi maka ɗinkin nan na zamani mai kama ƙirji da ƙugu. Ya saki rigar daga kafaɗa ta sauko a miƙe.

Wani memba daga Atlanta:

Abin da Yaya na Dallas ya faɗa haka yake. Ni zan ƙara maganar wurin da kake saka ta. A bayan kwiɓi ka ce, shi ya sa ruku'u ya nuna ta. Duk wanda ya sunkuya, rigarsa a baya take ɗamewa, a gaba kuma ta saki. Ni na dawo da tawa gaba, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu. A ruku'u da sujada ba a ganin komai. Wahalar tana wurin zaman tahiya, bakin kuben yana tokarar cinya, sai da na ɗan ɗaga shi sama na matsar da shi kafin na samu daidai. Ka nemi kube na Kydex, wato wata roba mai tauri, wanda aka yi wa samfurin bindigarka, mai ɗan fiffike a gefe da yake dannuwa a jikin bel ya mayar da ƙotar ta kwanta a ciki.

Amma ka ji wannan da kyau. Glock ba ta da maɓallin kariya da ake turawa da babban yatsa. In wani abu ya shiga ya ja kunamar, za ta tashi. Bakin zariya da ke lilo, ko gefen singileti, ko leɓen kaftani, duk suna iya shiga kube lokacin da kake mayar da ita. A gaba kuma bakinta yana kallon cinya, inda babbar jijiyar jini take. Don haka kuben ya rufe kunamar ruf, kuma in za ka mayar, ka cire kuben daga jikinka, ka saka ta, sannan ka ɗaura. Kada ka taɓa soka ta a ƙugu tsirara.

Wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya:

Ni ba ta ɗinki zan yi ba. Malam, kana da yara a gida? In ka dawo daga masallaci ka tuɓe kaftani ka jefa a kan gado, ina bindigar take a wannan minti biyar ɗin? A Texas laifi ne a yi sakaci a bar bindiga mai harsashi har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai gare ta. Ka sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai kulle, ya zama daga ƙugunka sai cikinsa. Haka in za ka shiga banɗaki ko wurin alwala, kada ka cire ka ajiye a kan wani abu.

Wani dattijo a cikin ƙungiyar:

Ɗana, Allah ya tsare ka a wurin nemanka. Kafin maganar tela, ka je ka sami liman da kwamitin masallacinku. Tun 1 ga Satumba 2019 dokar Texas ta bar mai lasin ya shiga wurin ibada da bindigarsa, sai dai in masu wurin sun hana. Hanin yana iya zama allon nan mai lamba 30.06 da ake kafawa a ƙofa da Turanci da Sifaniyanci, yana kuma iya zama da baki kawai. In sun ce a'a, magana ta ƙare. In kuma suna da tsarin masu tsaro ranar Juma'a, gara su san da kai, kada wata rana wani ya hango ta a jikinka ya ɗauka baƙon sharri ne. Yaron nan da ya gani, ka nemi babansa ka yi masa bayani cikin mutunci.

Sannan hanya. Mu baƙaƙe ne, ga kaftani ga hula. Ba mu manta Philando Castile ba, wanda ɗan sanda ya harbe a cikin motarsa a Minnesota a 2016, alhali yana da izinin ɗauka kuma ya faɗa da bakinsa cewa yana da bindiga. In an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗi cewa kana da lasin da inda take, ka jira a ce maka ga abin da za ka yi. Kuma ka daina ajiye walat a aljihun gefen kaftani da ke kusa da ita.

Ga sauran yaranmu da ke karantawa: wanda yake nan da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ban da 'yan keɓantattun yanayi. Ba daidai yake da ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin ba. Masu tuƙin Uber kuma, ƙa'idar kamfanin ta hana ɗaukarta a lokacin aiki.

Ɗan'uwan Dallas ya dawo:

Na manta tsawon riga. Kaftanin da ya kai ƙwauri yana rufewa, amma kafin ka tattare shi ka kai ga ƙugu an daɗe. Babbar riga ta fi haka. Jamfa mai tsayawa a tsakiyar cinya, da tsaga a gefe da ta ɗan hau sama, ita ce ta fi min. Ka gwada a gida gaban madubi, bayan ka cire harsashi duka ka kai wani ɗaki ka sake dubawa: ka sunkuya, ka ɗaga hannu kamar mai kabbara, ka zauna a kujerar mota. In bayan duk wannan har yanzu tana nunawa, sai ka duba Glock 19. Harsashi 15 take ci, ƙotarta ta fi gajarta da kamar santimita ɗaya, kuma yawancin masu babban hannu tana yi musu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, yara biyu gare ni, akwatin yana nan amma gaskiya ba kullum nake kai ta ciki nan take ba, daga yau na gyara. Baba, na yi magana da liman bayan Isha'i, ya ce in zo ranar Asabar in zauna da kwamiti, kuma har zuwa lokacin zan riƙa barinta a gida in zan je salla. Na tura wa telana sabon awo, na ce ya fara da wando ɗaya da jamfa ɗaya a shadda ruwan toka in gwada. Yaya na Dallas, kunnuwan bel ɗin inci nawa kake cewa ya yi faɗinsu? Bel ɗin da na gani inci ɗaya da rabi ne.