"An yi walƙiya, mun ga kowa": zagi ne ko ba zagi ba?

Ɗan Kurmi: Jama'a ku raba mana gardama. Jiya wajen rabon gado baffanmu ya dubi yayana ya ce, "Ai an yi walƙiya, mun ga kowa." Yaya ya tashi ya bar zaman, wai an kira shi munafuki. Ni dai na ɗauka nufin Baffa gaskiya ta yi halinta, shi ke nan.

Bazazzagiya: Ba a faɗin wannan sai an kama wani laɓe cikin duhu. Yayanka ya san inda ya tsaya.

Malam na Tudu: A bi a sannu. Gaskiya ne Baƙara aya ta 20 ta buga misalin munafukai da walƙiya: in ta haska su yi tafiya, in duhu ya rufe su tsaya. Amma Ra'adu aya ta 12 ta ce ana nuna mana ita don tsoro da kuma tsammani, wato na ruwa. Ba kullum take tonon asiri ba.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Iya, kakata. Da hadari ya haɗo za ta kife madubi, ta tuɓe mana jan kaya. Wata damina aka yi ta ɗauke mata kaji, ana ta zargin almajirai. Ran nan da dare ruwa ya kece, ta fito rufe rumbu, walƙiya ta haska, sai ga surukinta da zakara a hammata. Ba ta ce uffan ba. Da safe ya zo gaisuwa ta ce, "Sannu da aikin dare, ruwa bai ba ka kashi ba dai?" Ya hau rantsuwa da kwarankwatsa, ta ce, "Bari sai rani, ɗan nan, yanzu damina ce."

Bakatsine: Iya ta iya! Su o'o ma da rani suke rantse mana. An yi walƙiya mun gan su sarai, taliya na zuwa muka koma layi.

Ɗan Maraɗi: Ni albashina nake kira walƙiya. Kafin ka ce bismillah ya wuce.

Malamin Firamare: Kife madubi ba ya hana komai, Hajiya, gindin bishiya ne abin gudu. Ku ƙirga tsakanin hasken da tsawar, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan.

Uwar Biyu: Malam, da Iya na raye da kai ma ka tuɓe jar hular nan.

Ɗan Kurmi: To yayan nawa fa, in je in ba shi haƙuri?

Bazazzagiya: Tsaya tukuna, gonar da ta ɓace a lissafin, a hannun wa take?