In ajiye alli in tafi makarantar Baibul?

Malamin Firamare, Zuru: Salama 'yan'uwa. Shekarata 9 ina koyarwa, ga mata da yara uku. Bara da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Danko-Wasagu, wata tsohuwa ta sauka gidanmu. Ba ta iya karatu ba, an ƙone mata rumbu, amma kowace asuba sai in ji ta bayan ɗaki tana yi wa waɗanda suka kore ta addu'a. Ni da nake koyar da ajin baftisma, ranar na gane haddar gafara kawai na yi, ban san ta ba. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. In tafi yanzu, ko in jira yara su tasa? Nawa ake kashewa?

Matashin Ribah: Tafi kawai, kai da ba ka da iyali!

Maman Biyu: Yara uku ya ce, ɗana. Ka riƙa karantawa. Malam, ka shawarci uwargida?

Tsohon Mai Bishara: Ni na sayar da shanun noma biyu na tafi. Da na gama aka tura ni wani ƙauye, wata 7 ba ko sisi. Matata ke surfe mu ci. Ɗiyata ta kwanta, na je wurin manya, aka ce in ƙara bangaskiya. A kabarinta na fara fahimtar Habakuk 3:17, mai maganar ranar da gona ba ta ba da abinci ba, garke kuma ya ƙare, ayar da na ci jarrabawa da ita. Ban bar Yesu ba, amma har yau raina na sosuwa.

Maman Biyu: Wayyo Baba, Ubangiji ya ta'azantar da kai.

Ɗan Dabai: Ƙanena dubu 80 yake biya a shekara.

Matashin Ribah: Ina! Dubu 200 ba ta kai ka, ban da abinci.

Dattijo: Wanda bai taka ƙofar makarantar ba ya yi shiru.

Maman Biyu: Baba Dattijo, tsohuwar nan wace makaranta ta taka? Mu a Zumuntar Mata muka koyi addu'a.

Ɗan Dabai: Malam, in ka zama Fasto dai ka tausaya mana, wa'azi kar ya wuce azahar 😂

Tsohon Mai Bishara: Ni tambayata, baikon da ake tarawa domin masu bishara na ƙauye, ina yake shiga?

Matashin Ribah: Yauwa! Lahadin da ta wuce sau uku aka zaga da kwano a wurinmu.

Dattijo: Wannan maganar kwamiti ce, ba ta nan ba.