Ɗalibin jami'a mai son koyarwa: sauya kwas ko PGDE?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ina karanta ilimin sinadarai, kuma burina in koyar a sakandare. Shin in koma sashen ilimi tun yanzu ko da zan maimaita shekara, ko kuwa in kammala digirina, in yi hidimar ƙasa, sannan in ɗora da PGDE, wato difilomar koyarwa da ake yi bayan digiri?

Yaya Malama: Ƙanena, ka tafi Kwalejin Ilimi ta Maru ka yi NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, domin ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa a aikin koyarwa.

Malamin Ƙauye: Kafin ka zaɓi takarda, ka ji abin da ke jiranka. Da digirin ilimi aka ɗauke ni, aka tura ni wata makarantar ƙauye inda nake koyar da sinadarai da lissafi da ilimin halittu ni kaɗai, babu ɗakin gwaji, sai ɗalibai su zo jarrabawar WAEC ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Takardar ƙarin girma ta fito shekaru da dama, amma har yau ba ta taɓa albashina ba, kuma tunda hanyar ta lalace da matsalar tsaro, rabin abin da nake samu a mota yake ƙarewa.

Tsohon Firinsifal: Ɗana, duk wadda ka bi, sai ka ci jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. PGDE ta NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, tana da sauƙi ga mai aiki, kuma ɗan cikina da ya yi ta bai kashe sama da N60,000 ba.

Ɗan Ƙaura: Ranka ya daɗe, wannan tsohon farashi ne. Ni bara, idan aka haɗa da kuɗin aikin bincike da zirga-zirgar koyon aiki, na haura N150,000.

Tsohon Firinsifal: Wanda bai cika rajistar aji ɗaya ba ne zai gyara wa wanda ya yi shekara 35 a aiki?

Ɗan Ƙaura: Baba, ban musa gogewarku ba, amma a zamaninku gwamnati ce ke bin malami da takardar aiki.

Mai Shayi: Ya fara neman aure tukuna, tun surukai suna kiransa ɗan jami'a.

Yaya Malama: Maganar shekara 35 ta tuna mini da dokar 2022 wadda ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. To ina gurbin yaranmu zai fito idan manya ba su sauka ba?

Malamin Ƙauye: Ai ko sun sauka, sai mai uwa a gindin murhu ne ake bari a cikin gari.

Ɗan Gusau: Na gode, iyayena, amma fam ɗin sauya kwas yana hannuna har yanzu. In cike shi ko in bari?