Neman kalmar Hausa: me za mu kira shafin ƙarshe da ake yi wa kifin yaudara?

1/ Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe da masu sana'ar kamun kifi. Kusan mako biyu ke nan muna kai-kawo a kan kalma guda, don haka na ga ya dace in tattara abin da aka faɗa, in kuma bayyana inda na tsaya. Kalmar ita ce wadda masu fentin mota suke kira "kiliya", wadda suka gutsuro daga "kiliya kot" na Turanci, wato ruwan nan marar launi da ake shafawa a kan fenti bayan ya bushe. Ni ba a wajen fentin mota na haɗu da ita ba. A nan Daura nake sassaƙa 'yan ƙananan kifaye na itace, in yi musu fenti, in rataya musu ƙugiya, in gwada su a madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam, kuma duk lokacin da zan koya wa yaro matakin ƙarshe na aikin sai bakina ya rasa kalma.

2/ Sunan kifin kansa bai ba mu wahala ba. Mun yarda a kan "kifin yaudara", tun da ba tana ba ce, ba kuma wani abin ci ba ne, siffa ce da motsi da ake ruɗar kifi mai farauta da su, kamar giwan ruwa da tsage, wani lokaci har da babbar tarwaɗa. Wanda aka yi da siffar kwaɗo sai a ce kwaɗon yaudara, na ƙarfe mai lanƙwasa kuma cokalin yaudara.

3/ Kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a san aikinsa. Ana sassaƙa jikin da itace marar nauyi, ni dai rimi nake samu, a goge shi da samfefa, a fara shafa masa abin da zai toshe ƙofofin itacen, sannan a yi farin fenti a matsayin shimfiɗa, a bi shi da launuka: baya mai duhu, ciki fari, ɗan ja a wajen wuya. Idan ana son zanen ɓawon kifi sai a naɗe jikin da guntun gidan sauro a fesa fenti ta kansa, da an cire sai ga zanen ya fito. Duk wannan wahala banza ce idan ba a yi shafin ƙarshe ba, domin itace yana shan ruwa ya kumbura, fenti ya tsage ya ɓare, nauyin kifin ya sauya, har ya daina rausayar nan da take jawo hankalin abin da ake nema. Ga kuma haƙoran tsage, ga duwatsu, ga ƙugiyoyin da suke karce jikin a kowace jifa.

4/ Wannan matsala ta girme mu. Lauri Rapala, masuncin ƙasar Finlan wanda kamfanin Rapala yake ɗauke da sunansa har yau, a shekarar 1936 ya fere kifinsa na farko da ɓawon itace marar nauyi, ya naɗe shi da takardar azurfa ta cakulan domin ya yi ƙyalli, sannan ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi da shi don kada ruwa ya shiga. A lura da kyau: ƙyallin daga takardar yake, narkakken fim ɗin kuwa aikinsa tsaro ne. A kan wannan bambanci na gina duk abin da zan faɗa.

5/ Shawara ta farko da ta fi samun goyon baya ita ce "ruwan sheƙi" ko "man ƙyalli". Tana da daɗin faɗa, kuma kowa zai gane ta, amma ita ce na fi jin tsoro, saboda na ga ɓarnar da take yi. Na taɓa aiken ƙanena kasuwa na ce ya sayo abin da zai sa kifin ya yi sheƙi, mai shago kuwa ya ba shi man goge kujeru, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka tambaya ya bayar. Muka shafa wa kifaye shida, suka yi kyau kamar a sa a gaba a yi ta kallo, amma yini ɗaya a cikin ruwa ya ishe su: shafin ya yi fari fat kamar an zuba musu nono, kashegari fentin ya fara tashi. Sunan da ya nuna wa mai koyo sheƙi zai aike shi neman sheƙi, alhali akwai masu yin wannan aiki da suke zaɓar shafi marar ƙyalli da gangan idan ruwan da za su shiga garau yake.

6/ Wani malamin allo ya kawo "ƙaro", yana mai cewa shi ake sa wa tawada ta kama ta yi sheƙi. Gaskiya ne, Malam, amma ai dalilin da ya sa ake iya wanke allo a sha rubutu shi ne ƙaro yana narkewa a ruwa, mu kuwa abin da ba ya narkewa muke nema. An kuma ambaci "yana", kamar wadda take kwanciya a kan madara, sai dai kunnen Bahaushe da ya ji yana zai tuna da yanar ido, wato abin da yake dushe gani.

7/ "Sulken fenti" ya daɗe a raina, har na fara amfani da shi. Duk wanda ya ga 'yan sulke a Hawan Magajiya ya san cewa ana hango rigar da take ƙarƙashin sulken, kuma an saƙa shi ne don kaifi, kamar yadda shafinmu yake tare haƙori. Wani dattijo masunci ne ya rushe mini shi da tambaya guda, ya ce, "Ɗana, in ka zuba wa sulke ruwa, ina ruwan yake tsayawa?" Na ce, "Baba, ba ya tsayawa." Sulke zobba ne masu ƙofofi, babban abokin gabarmu kuwa ruwa ne, wanda ƙofa kamar ta allura ta ishe shi.

8/ Daga bakin wani magini na samu kalmar da na tsaya a kanta, wato "laso". Ga waɗanda suka taso a gidan bulo, laso shi ne shafen da magina suke haɗawa da katsi na marina (gurɓin da yake kwanciya a ƙasan rijiyar rini) da gashin jima da ruwan dafara (wani tsiro mai yaɗo), su shafe soro ko bango da shi bayan an gama gini domin ruwan sama ya zame ya wuce. Shi ne na ƙarshe, a kan gamammen aiki ake yin sa, siriri ne, yana taurara, kuma ba shi da wani aiki sai hana ruwa. Makuba ta kwasfar ɗorawa ma tana kusa, amma tana rina abin da ta taɓa, kuma kalmar sunan abin haɗin ce, laso kuwa ana cewa "an yi wa ɗaki laso", wato yana ɗaukar aikin da kayan gaba ɗaya. Saboda haka nake ba da shawarar "lason fenti".

9/ Na san abin da za a ce: laso na gini ba a ganin abin da yake bayansa. Amsata ita ce kalmar "fenti" da aka jingina masa ta ɗauke wannan nauyi, domin babu mai hankalin da zai ɓata yini yana zana ɓawon kifi da idanu sannan ya rufe su da abin da zai ɓoye su. Wanda yake son ƙarin bayani yana iya cewa "lason fenti mai garai-garai".

10/ Na gwada kalmar a bakin aiki, na ga tana tafiya. Lason da ya fi ƙarko shi ne ifoksi, wani irin gam marar launi mai zuwa a kwalba biyu, kuma irin da muke amfani da shi ana auna kashi ɗaya na wannan da kashi ɗaya na wancan daidai wa daida, a gauraya sosai, in ba haka ba lason zai zauna da danƙo har abada. Mai kamawa cikin minti 5 bai dace ba, saboda yana daskarewa kafin ya baje kuma yana saurin komawa rawaya. Mai minti 30 ya fi. Kada a taɓa fentin da hannu kafin a yi laso, domin maiƙon yatsa yana sa lason ya janye ya bar rami. Bayan an shafa sai a riƙa juya kifin a hankali, da hannu ko da ƙaramin inji, har lason ya daina gudu, don kada ya taru a gefe guda ya karkatar da iyon kifin. A zafin watan Afrilu, lokacin da Daura take wuce digiri 40, yana kamawa da wuri, don haka a haɗa kaɗan kaɗan da sassafe. A hunturu kuma a kifa kwali a kansa saboda ƙura. Kada ya ga ruwa sai ya yi aƙalla awa 24.

11/ Ban ce a kori "kiliya" daga kasuwa ba. Idan ka je shago, kira kayan da sunan da mai shago ya sani, ifoksi ne ko kiliya, domin lason fenti sunan matakin aikin ne, ko da wane irin ruwa aka yi shi. Abin da nake roƙo shi ne masu fentin mota da kafintoci da masu ƙwaryar ado na Katsina su gwada kalmar a nasu aikin na wata guda, su dawo su gaya mana ko almajiransu sun gane ta ba tare da an sake yi musu bayani ba.